Gadon Ƙarfe da Turancin Lallami

Litinin, 6 ga Oktoba

Kwana tara ke nan ba amsa.

Na sake karanta wasiƙar da na tura wa kamfanin ƙasar wajen da ke neman mai ƙera musu gadaje, ban ga abin zafi a ciki ba. Layi uku ne kacal. Na ce zanen gadon ba daidai ba ne, wanda ya zana bai san ƙarfe ba, a canza kaurin fayif ɗin, wato bututun ƙarfen, daga milimita ɗaya da ɗigo biyu zuwa milimita biyu. Ƙarya na yi? Gado ne mai hawa biyu, guda ɗari shida, na ɗakunan kwanan 'yan makaranta. Yaro ba kwanciya yake yi a gadon sama ba, tsalle yake yi. Shekara talatin da ɗaya ina walda, na san halin siririn fayif idan ya gaji. Ba ya sallama kafin ya tafi.

Auta, 'yata mai riƙe min ofis, ta ce, "Baba, wadda ta yi zanen ita ce ta karanta wasiƙar."

To sai me? Ai ita ta fi kowa bukatar ji.

Talata, 7 ga Oktoba

Amsa ta zo. Ba ni aka rubuta wa ba, Auta aka rubuta wa.

Injiniyar tasu, mai zanen, ta ce ta gode, kuma daga yanzu zai fi sauƙi a riƙa magana ta hannun Auta. Za a yi taro ta bidiyo ranar ashirin da tara ga wata, a nan za su yanke ko mu za a ba aikin ko wasu.

Ni na kafa wurin nan da injin walda ɗaya a ƙarƙashin rumfar kwano. Ni na tura yarinyar nan jami'a da waɗannan hannuwan. Yau an ce in zauna gefe, 'yata ta yi magana da yawuna, kamar na sha inna a baki.

Mutum arba'in da biyu ke cin abinci a masana'antar nan. Tun watan shida ba mu da wani aikin kirki sai ƙofofi da tagogi jifa-jifa. Shi ya sa na haɗiye. Da ƙyar ta wuce.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Auta ta shigo ofis ta rufe ƙofa, ta zauna a kujerar baƙi. Duk ranar da ta zauna a kujerar nan na san da magana.

Wai ta samo min malama. Tsohuwar sakatariya ce, ta yi shekara talatin a wani ofishin jakadanci tana rubuta musu wasiƙu. Za ta koya min yadda ake tausasa magana da Turanci. In na yarda, ni zan yi magana a taron. In ban yarda ba, ita za ta yi, ni kuwa in zauna in riƙa gyaɗa kai.

Na ce ni na iya Turanci.

Ta ce, "Ka iya, Baba. Amma naka duk na ba da umarni ne."

Na ce ta buɗe ƙofar, zafi ake yi.

Asabar, 11 ga Oktoba

Gaskiyar da ba zan faɗa wa Auta ba: a sakandare lissafi da aikin ƙarfe na ci, Turanci kuwa da jan ciki na tsallake. Sauran na tsince shi ne a kamfanin gine-gine inda na fara leburanci, daga bakin wani shugaban ma'aikata da bai taɓa yi mana magana ba sai da tsawa. Kawo. Ajiye. Yanke. Fita. Wannan na ɗauka shi ne Turanci. Ban taɓa jin wani ya roƙi wani da shi ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na je.

Bene hawa na biyu, saman wani kantin magani. Falo ƙarami, kujeru uku, tsohuwar tafireta a lulluɓe da zane, agogon bango mai ƙara kamar ana yanka ƙusa. Malama ta girme ni da kusan shekara goma. Siririya, gilashi a kan hanci. Ta ba ni shayi ba sukari, ba ta kuma tambaye ni ko haka nake sha ba.

Ta karanta wasiƙata sau biyu. Ta ɗago ta ce, "Mai ƙarfe, wannan wasiƙa ce ko guduma?"

Na ce gaskiya ce.

Ta ce, "Gaskiya ma tana sa riga kafin ta fita unguwa."

Ta ɗauko ƙananan katuna, ta rubuta jimla ɗaya a kowanne. In na juya su da Hausa ga abin da suke cewa. Maimakon "kun yi kuskure", sai in ce "ina ganin kamar akwai wata hanyar da za a kalli abin". Maimakon "ku turo yau", sai "zan ji daɗi idan ya samu isowa yau". Maimakon "a'a", sai "ban tabbata hakan zai yiwu ba".

Na ce amma na tabbata.

Ta ce, "Kowa ya san ka tabbata. Shi ya sa ba a faɗa."

Kati goma sha biyu na sauko da su a aljihu. Da na wuce ta gaban mai kantin maganin sai na yi kamar wani abu na zo saya.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na haddace duka goma sha biyun. Ta ce haddar ta yi, muryar ce ba ta yi ba. Wai ina danne kowace kalma da ƙarfi ɗaya kamar mai karanta lambar mota ga ɗan sanda. Wai in sassauta a tsakiya, in ɗan tsaya, in bar ƙarshen ya ɗaga kaɗan kamar ina tambaya.

Sau goma sha tara ta sa na maimaita jimla ɗaya. Na ƙirga. Mutumin da ke da mutum arba'in da biyu a ƙarƙashinsa.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Harshena ciwo yake yi. Ba wasa ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Da safe ina aski a gaban madubi ina gwada na bakwai, wanda ke cewa "idan ba damuwa, ko zan iya neman wata alfarma". Ashe uwar yara tana bakin ƙofa. Auta ta riga ta fassara mata katunan, munafukai biyu.

Ta ce, "Baban Auta, wa kake roƙo haka a banɗaki? Shekara talatin ina gidan nan ban taɓa jin 'idan ba damuwa' ba. Ashe sai mutum ya zama Baturiya."

Na ce ta kawo min tawul.

Ta ce ba ta tabbata hakan zai yiwu ba.

Har na fita tana dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Muna tsakiyar darasi wayata ta yi ƙara. Yayan uwar yara ne, kan maganar ɗansa da yake so in sa a ofis. Yaron ba ya iya tashi kafin ƙarfe goma, kowa ya sani. Na nemi izini na ɗauka.

Na gaishe shi, na tambayi ƙafar tasa, na tambayi gonar. Na ce yaron nan namu ne, kuma mai ƙwaƙwalwa irin tasa bai kamata a binne shi a ofishin da ba abin da zai koya sai ƙurar ƙarfe ba. Na ce wurina babu, amma zan yi wa wani abokina mai kantin kwamfuta magana. Muka rabu yana sa min albarka.

Da na ajiye sai na ga Malama ta cire gilashi tana kallona.

"Ka ce masa a'a?"

"Na ce."

"Ya ji?"

"Sarai."

"Ya ji haushi?"

"Har godiya ya yi."

Ta mayar da gilashin. Ta ce mu koma kati na tara.

A mota na yi ta tunani. Da Hausa zan iya hana mutum abu ya tafi yana murmushi. Da Turanci sai in zama kamar wanda aka ɗaure wa hannu ɗaya a baya aka ce ya ɗaura zariya. Ko in yi tsawa, ko in yi bara. Tsakiyar ce babu.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Dogo, babban mai waldata, shekara ashirin da biyu muna tare, ya tambaye ni ina nake ɓacewa kullum da la'asar. Na ce asibiti. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, me ke damuna? Na ce haƙori.

Yanzu kullum sai ya tambaye ni ya haƙorin.

Talata, 28 ga Oktoba

Gwaji na ƙarshe. Malama ta zama Injiniya, Auta ta zauna gefe da agogo. Na yi minti shida ban yi tuntuɓe ba. Malama ta ce yanzu kam an fara jin mutum, ba rediyo ba. Ta ce in tuna abu ɗaya: duk inda na ji maganar za ta yi kaifi, in ƙara mata kati ɗaya.

Gobe.

Laraba, 29 ga Oktoba

Mun samu aikin.



Auta ta manna katunan a gefen allon kwamfutar da salatif, inda su ba za su gani ba. Su uku ne a can: Injiniya, da shugabanta mai furfura, da wani da bai ce uffan ba. Na gaishe su yadda aka koya min. Na gode musu da haƙurinsu. Mai furfura ya gyaɗa kai, na ga Auta ta saki numfashi.

Sai aka zo kan fayif. Na ji maganar za ta yi kaifi, na ƙara kati. Na ji har yanzu da saura, na ƙara wani. In na juya abin da ya fito daga bakina da Hausa, ga shi: ina tunanin, idan ba damuwa, ko wataƙila zai yiwu, a duk lokacin da ya dace da ku, a ɗan sake duban kaurin fayif ɗin, duk da na san kun fi ni sani, kuma ƙaramin abu ne.

Ƙaramin abu. Ni na faɗa, da bakina.

Injiniya ta yi murmushi, karo na farko. Ta ce ta gode ƙwarai da shawarar, za su riƙe ta a rai don aiki na gaba. Tunda ƙaramin abu ne, a ci gaba yadda aka zana.

Na duba katunan. Babu wanda aka rubuta don wannan. Wanda ya fi kusa da idona shi ne na godiya, sai na yi godiya.

Auta ta sa hannu, na sa hannu. Da aka kashe kwamfutar ta kama hannuna da hannu biyu ta ce, "Baba, wallahi kamar a can aka haife ka." Ma'aikata suka yi ta tafi a tsakar masana'anta. Malama ta turo saƙo: madalla da ɗalibi.

Kowa ya ji daɗina yau.

Alhamis, 30 ga Oktoba

An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Fayif ya iso, mota biyu. Dogo ya zaro ɗaya ya ɗaga da yatsa biyu, ya leƙa cikinsa kamar mai neman ɓera.

"Maigida, wannan na gado ne ko na rataye labule?"

Na ce ya ajiye.

"A fara yankawa?"

Na ce a jira. Ya ce a jira me? Na ce ban son yawan tambaya.

Na zagaya bayan sito na tsaya ni kaɗai. Na yi tunanin in sayi mai kauri in yi shiru, kowa ya huta. Ba zai yiwu ba. Wurin nan ba zai iya ɗaukar nauyin kuɗin ba, kuma su da sikeli suke karɓar kaya, tun gado na farko za su gane. In kuma na yi yadda aka zana, sunana ne za a buga a ƙafar kowane gado. In na janye, mutum arba'in da biyu.

Gaba kura, baya sayaki. Ni kuma na kai kaina tsakiya, da ladabi.

Talata, 4 ga Nuwamba

Mun yi da Auta.

Ta ce na faɗa musu, sun ji, sun zaɓa. Ta ce an rubuta a bayanan taro cewa na kawo shawara. "Takarda tana kare mu, Baba."

Na ce takarda ba ta kwana a gadon ƙasa.

Ta ce to me nake so, in sake rubuta musu irin ta farko su kwashe aikin? Ta ce ita ce take duban idon matan ma'aikata a bakin ƙofa ƙarshen wata, ba ni ba. Wannan ta shige ni, don gaskiya ce.

Ta fita ba ta rufe ƙofar ba. Halina ne sak. Ban san wa zan kai wa ƙara ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Injin yanka shiru, kwana uku. Ma'aikata suna share wurin da suka riga suka share.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Ba ranar darasi ba ce, darasi ma ya ƙare, amma na hau benen. Na zube mata katunanta a kan tebur. Na ce ga kayanki, sun yi aiki, sun sa na sa hannu a kan abin da zai karya ƙashin 'ya'yan mutane.

Na ɗauka za ta yi faɗa. Sai ta ce in maimaita mata jimlar daidai yadda na faɗa. Na maimaita. Ta rufe ido.

Ta ce, "Mai allura yana goga auduga kafin ya soka. Kai audugar ka yi ta gogawa, ka mayar da allurar aljihu."

Na ce ke kika ce in ƙara kati.

Ta dubi katunan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce ni ne da gaskiya. Ta ce shekara talatin ana biyan ta don ta rubuta wasiƙun da za a karanta har ƙarshe ba a kama komai ba, kuma ta ƙware, har lambar yabo aka ba ta. Ba a taɓa kawo mata wanda yake so a ji shi ba. "Abin da na iya na koya maka, Mai ƙarfe. Ban tambaye ka me zai faru in ba su gane ba."

Ban taɓa jin malami ya ce ya yi kuskure ba. Na rasa inda zan sa idona, sai na sha shayin.

Ta ture katunan gefe ta ɗauko farar takarda. Ta ce in manta da Turanci. In ɗauka Injiniya 'yar aminina ce, ta zo gidana da zanenta, ni kuma ba na so ta ji kunya kuma ba na so yaro ya faɗo. Me zan ce mata, da Hausa?

Na faɗa. Ta rubuta da Turanci, tana bin bakina. Inda na yi gajere ta bar shi gajere. Da ta karanta min sai na ji kamar ni ne, amma na yi wanka.

Wuri ɗaya muka yi gardama. Ta so ta sa "da wuya in iya". Na ce a'a, "ba zan yi ba". Ta ciji biro, ta ce to, amma in na faɗa in yi shiru, kada in bi ta da komai. Ko tsawa, ko ban-haƙuri.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Injiniya za ta zo da kanta ranar Alhamis ta duba samfuri, dama yana cikin yarjejeniya. Na sa Dogo ya haɗa gado biyu, ɗaya da nasu fayif, ɗaya da nawa. Ni na yi waldar nasun da hannuna, don kada a ce daga ɗinkin walda ne.

Na gaya wa Auta abin da zan yi. Ta ce, "In sun tafi fa?"

Na ce sun tafi.

Ta dube ni ta ce ba ta yarda ba, amma za ta tsaya kusa da ni. Ban ce ta tsaya ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Abinci ya ƙi shiga. Uwar yara ta ce ko haƙorin ne. Ashe har gida Dogo ya aiko a gaishe ni.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Injiniya ta iso, da na gan ta kusa ashe yarinya ce. Ba za ta wuce sa'ar Auta ba. Na zaci zan ga mai takalmi mai tsini, sai ga ta da takalmin aiki mai bakin ƙarfe, da abin awon kauri nata na kanta a aljihu, duk ya goge don amfani. Ta durƙusa ta duba waldata ta ƙasa, inda ba kowa ke dubawa ba. Wannan ya sa na ji wani iri game da layi ukun nan.

Na fara da abin da yake gaskiya. Na ce tsanin da ta zana, da yadda gadon ke kwancewa gida huɗu ya shiga mota, ban taɓa ganin dabara irin ta ba, kuma zan so a ce ni na yi tunaninta. Na ce wasiƙata ta farko ba ta da ladabi, na yi kuskure da na ce ba ta san ƙarfe ba. Turancin yana fita a hankali, da tuntuɓe biyu, amma ba na leƙen komai.

Sai na ce: ba zan yi gadon nan da wannan fayif ba.

Na yi shiru. Wallahi shirun nan ya fi ɗaukar buhun siminti nauyi. Bakina yana ta so ya ƙara wani abu. Na ji Auta ta daina numfashi a gefena.

Fuskar Injiniya ta canza. Ta ce an riga an sa hannu. Na ce na sani. Na ce ko za ta ba ni minti biyu in nuna mata.

Dogo ya hau gadon nasu. Na ce ya yi yadda yara suke yi in malami ya fita. Ƙaton mutum mai jikoki, ya tsaya a kai ya yi tsalle yana riƙe da hula. Ma'aikata suka fashe da dariya. Na kira mutum ɗaya ya hau su zama biyu, don yara ba sa wasa su kaɗai. A tsalle na shida dariyar ta tsaya. Fayif ɗin gefe ya durƙusa a tsakiya, gadon sama ya sauko har ya kusa taɓa inda kan yaron ƙasa zai kasance. Waldata ba ta saki ba.

Suka koma kan nawa. Sau ashirin. Ko gezau.

Ta auna wanda ya lanƙwashe, ta rubuta, ta sake aunawa. Kunnuwanta sun yi ja. Ta ce lissafinta na nauyin yaro ne a kwance. Na ce lissafin daidai ne, yaran ne ba sa karanta shi. Ta ɗan yi dariya ta hanci.

Sai ta juyo ta tambaye ni abin da ban shirya masa ba. Ta ce, to me ya sa a taro na ce mata ƙaramin abu ne?

Na ce tsoro na ji.

Ban san daga ina maganar ta fito ba. A tsakar masana'antata, a gaban mutanena. Na yi ta gode wa Allah da Dogo ba ya jin Turanci.

Ta ce ba ita ke yankewa ba, sai ta kai wa shugabanninta, kuma ba ta yi min alkawarin komai ba. Ta ɗauki hoton gadon ta kowane gefe. Ta nemi a yanko mata guntun da ya lanƙwashe, ta sa a jaka ta tafi da shi.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Shiru.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Shiru. Auta ba ta ce "na faɗa maka" ba. Da ta faɗa da ya fi min sauƙi.

Mutum biyu sun zo neman izinin zuwa wani aikin gini na mako guda. Na ba su. Ban iya kallon fuskarsu ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Wasiƙarsu ta zo. Sunana ne a sama, na Auta a ƙasa.

Milimita biyu. Amma an rage yawan zuwa ɗari huɗu da tamanin, sauran sai baɗi in Allah ya kai mu. Siririn fayif za su mayar wa mai shi. Ba duka muka samu ba, amma injin yanka ya tashi kafin azahar, kuma ban taɓa jin ƙara mai daɗinsa ba.

A ƙasan wasiƙar Injiniya ta ƙara layi ɗaya, wai tana so in duba mata zanen wasu tebura kafin ta miƙa. Na amsa da kaina. Na ba Auta ta duba rubutun kawai, kada a ce. Kalma biyu ta gyara.

Na kira Malama. Ta ce madalla, amma wannan karon ba ta ce ɗalibi ba.

Talata, 25 ga Nuwamba

Da fayif ya yi kauri sai maƙalar kusurwa, ƙarfen da ke haɗa gefen gado da ƙafa, ta daina zama daidai, don haka na zana sabuwa ranar Asabar, na ba su su fara. Yau da hantsi ina tsaye ina duba kaya sai ga Dogo yana sosa ƙeya.

"Maigida, maƙalar nan taka ta yi kyau ƙwarai. Ba wai akwai matsala ba. Na dai ce ko wata rana, in ka samu sarari, ka ɗan sake leƙa ramin ƙusar. Ba wani abu ba ne."

Na ce to, a ci gaba. Har na yi taku uku.

Sai na tsaya.

Na dawo na ce ya kashe injin. Na jawo benci na zauna, na ce shi ma ya zauna. Ya ƙi, sai da na maimaita. Na ce, Dogo, ka faɗa min kamar ni ne sabon ɗauka.

Ya dubi ƙasa, ya dubi ƙofa. Ya ce, "Ramin ya yi kusa da baki. Wata shida zai yage."

Na ɗauko ɗaya na auna. An riga an huda guda sittin.

Ban ce masa yana da gaskiya ba. Na dai ce a zubar da sittin ɗin, a matsar da ramin inda ya ce. Ya ce to. Ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Maigida, ni ma tsoron nake ji wani lokaci." Ashe yana jin Turancin, tsohon banza.

Shekara ashirin da biyu yana zuwa min yana sosa ƙeya. Na zauna ina so in ƙirga sau nawa na ce masa a ci gaba, sai na ga ba lissafin da zan so in gama ba ne.

Gobe akwai fenti. In tuna in tambaye shi game da fentin ma.